Shekara 3 da gama bautar ƙasa, har yau Baba ke sa min data

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a sakaya sunana. Ni matashi ne ɗan shekara 29, a nan Zariya aka haife ni, nan na yi karatu har na samu digiri a kemistiri kuma sakamakon ya yi kyau Alhamdulillah. Yau shekara 3 kenan da gama bautar ƙasa amma ko aikin wata ɗaya ban taɓa yi ba. Baba ɗan fansho ne, Mama tana ɗan sayar da awara da zoɓo a gida, mu 7 ne ni ne na biyu, yayarmu tana ɗakin miji. Komai nawa su ne, sabulu, aski, kuɗin Napep, har data Baba ke sa min, in na haɗa abin da ke shigowa hannuna daga wajensu zai kai dubu 40 a wata. Bara wani ya ce zai samo min aikin gwamnatin tarayya in aka ba shi miliyan 1 da dubu 200, Baba ya sayar da fili ɗaya da ya rage masa aka ba shi, yau wata 11 ba aiki ba kuɗi, kullum sai a ƙara haƙuri. Ƙanwata ta samu gurbin karatu bana Baba ya ce ta bari sai baɗi don ba kuɗin rajista, tun ranar ba ta sakin jiki da ni. Wata makarantar kuɗi ta taɓa kirana koyarwa a kan dubu 35, Baba ya ce ba don wannan ya biya min karatu ba, ni ma gaskiya na ji kunyar abokai su ji. Ga yarinyar da nake nema iyayenta sun ce in fito, Baba ya ce zai gyara min ɗakin waje ya haɗa min lefe in an biya shi ariyas ɗinsa na fansho. Wallahi Yaya na daina fita majalisa, in na ji Baba yana tari da daddare sai in ji kamar ni ne ciwon da ke cinsa. In ci gaba da jiran aikin nan ne ko yaya zan yi?

Ƙaninka daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ɗan gajarta wasiƙarka na kuma cire abin da zai sa 'yan unguwa su gane ka, amma maganar tarin Baba na bar ta yadda ka rubuto, don ita ta fi tsaya min a rai. Ka saurare ni da kyau, ba kai ne ciwon Baba ba. Yaron da zuciyarsa ta mutu ai barcinsa yake sha har hantsi, bai ma san ana tari a gidan ba, kai kuwa abin ya hana ka runtsawa har ka ɗauki waya ka rubuto. To amma ba zan tsaya a rarrashi ba, in na ce maka ka yi haƙuri komai lokaci ne na yi shiru to na cuce ka, wannan maganar ai shekara 3 kenan kana jin ta.

Akwai abin da ba laifinka ba ne kuma ina so ka sauke shi daga kanka tun yanzu. Tsararku sun sha wuya tun a makaranta, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8, mutum ya shiga kwas ɗin shekara 4 ya fito a ta 6. Kun fito kuma kuka tarar da layi, duk shekara matasa sama da dubu 300 ke tafiya bautar ƙasa, ofisoshin gwamnati kuwa ko kusa da haka ba sa ɗauka. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33 cikin 100, a 2023 aka canza yadda ake ƙirgen, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a sati an sa shi cikin masu aiki, lambar ta faɗo ƙasa sosai amma a unguwa ba abin da ya canza. Zariya kuma tata matsalar daban ce, gari ne da babbar sana'arsa yaye ɗalibai, ga ABU tun 1962, ga kwalejin ilimi ta tarayya da yanzu ta zama jami'a, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar jiragen sama a Palladan, amma ƙirga min masana'antu nawa ne a garin da za su ɗauki mai digirin kemistiri. Masaƙun Kaduna da a da suke kwashe dubban mutane sun daɗe da rufewa. Duk wannan ba kai ka jawo shi ba.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi tare. Dubu 40 sau 12 dubu 480 kenan a shekara, sau 3 ya zama miliyan 1 da dubu 440. Ɗora kuɗin filin a kai, ka ga an kai miliyan 2 da dubu 640, kuma ban sa tuwon da kake ci a gida ba. Wallahi ban kawo lissafin nan don in ƙara maka nauyi a ƙirji ba, na kawo shi ne saboda a gidajenmu kuɗin da ake miƙa wa yaro, yau ɗari biyar gobe dubu biyu, ba a ɗaukarsa a bakin kuɗi, haka yake zurarewa kamar an zuba ruwa a kwando, alhali da rana ɗaya aka tara shi aka ajiye a tsakar gida da kai da Baba duk sai gabanku ya faɗi. Wannan kuɗin rajistar ƙanwarka ne har ta gama, ko jarin shago da kayansa, ko noman damina biyu.

Kuma ka tambayi kanka daga ina yake fitowa. Fansho ba ya haihuwa ƙanena. Ma'aikacin gwamnati yana barin aiki in ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, kuma lissafin da iyayenmu suka gina rayuwarsu a kai shi ne kafin albashi ya tsaya manyan 'ya'ya sun kama ƙasa, sai su ɗauki na tsakiya, na tsakiya su ɗauki ƙanana, haka gida yake tafiya. A gidanku yayarku tana ɗakin miji, ke nan sarƙar ta zo daidai kanka ta tsaya, ga mutum 5 a bayanka suna jira. Sannan ka duba lokacin da abin ya faɗo, ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, a shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa 70, alawin 'yan bautar ƙasa ya tashi daga dubu 33 zuwa 77, kuɗin ɗan fansho kuwa ba ya gudu da irin wannan saurin. To dubu 40 ɗin nan daga wani waje ake yanko ta, daga naman miya, daga maganin da ya kamata a sha kullum ake shan sa yau a tsallake gobe, daga jarin Mama da kwano biyar na waken suya ya koma kwano uku ba tare da ta gaya wa kowa ba. Iyaye mata sun iya ɓoye irin wannan, ka leƙa buhunta ka gani da idonka.

In ka fita ƙofar gida ka ƙirga gidajen layinku da ke da mai digiri ko difloma a zaune za ka gane abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Kuɗin da ya kamata ya zama jari ko ajiya ya koma data da kuɗin mota da kuɗin cike fom a kafe. Mai shagon layi littafin bashinsa ya fi aljihunsa nauyi don kowa sai fansho ya shigo. Tela da kafinta da birkila da mai gidan haya duk suna jiran samarin da za su yi aure su kama ɗaki su sayi gado da katifa, samarin kuwa suna ɗakin waje na gidan ubansu. Filaye da gonaki ana sayarwa ana cinyewa, gidan da a da ake ce masa rufin asiri sai ka ga cikin shekara biyar ya koma ba shi da komai sai ginin da ake kwana ciki. Fiye da rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 20 ba, ma'ana masu nema kaɗan ne masu ci suna da yawa, to in ɗan shekara 29 mai lafiya da ilimi ya koma layin masu ci, tsoho ɗan 65 aka bar wa kayan. Abin da ya fi ci min rai kuma, dukiyar jama'a aka zuba a karatunka, malamai, ɗakin gwaje-gwaje, sinadarai, ga shi kana zaune a ɗaki alhali nan kusa akwai makarantun da yara za su rubuta kemistiri a WAEC ba su taɓa samun tsayayyen malaminsa ba.

Kai kanka jiran nan yana cin ka ta inda ba ka gani. Bankuna da manyan kamfanoni in za su ɗauki sababbin ma'aikata suna sa iyakar shekaru, da yawa ba sa wuce 27 ko 28, masu kaki ma suna da tasu iyakar, kai kuma baɗi za ka cika 30. Ranar da aka kira ka intabiyu tambayar farko ita ce me kake yi tun da ka gama, wanda ya ce ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta da wanda ya ce ina gida ina jira ba kallo ɗaya ake musu ba. Ilimin ma tsatsa yake yi in ba a taɓa shi. Ga kuma tsarin fansho na yanzu, tun dokar 2004 da aka gyara a 2014 ya zama na adashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa wanda ya ɗauke shi ya zuba 10, abin da ka tara shi za ka ci in ka tsufa, to duk shekarar da ka zauna tsufanka kake rage wa abinci.

Kada ka ji haushin Baba a kan hana ka koyarwar nan. Ya taso ya ga zamanin da mai digiri tun kafin ya bar Samaru aiki ke jiransa, har da gida da rancen mota. A wajensa karatunka gona ce da ya yi shekara da shekaru yana nomawa, in ya ji dubu 35 sai ya ga kamar an zo za a saye amfanin a wulaƙance, ga kuma abokansa na masallaci da ke tambayarsa ina injiniya ina dakta. So ne da ɗan kare mutunci suka haɗu, kuma mutumin da ya sayar da filinsa na ƙarshe saboda kai ba wanda zai yi shakkar ƙaunarsa. Sai dai in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma ko a addini malamanmu na Malikiyya sun ce wajibcin ciyar da ɗa namiji yana sauka daga kan uba in ɗan ya balaga yana da lafiyar nema, abin da Baba ke yi maka yanzu kyautatawa ce tsantsa. Ka san hadisin nan da Manzon Allah (SAW) ya ce mutum ya ɗauki igiya ya je ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane. Ban ce karɓa daga hannun uba roƙo ba ne, amma in saran itace bai zama abin kunya ba ta yaya riƙe alli zai zama.

Maganar mutumin da ya karɓi kuɗin nan, ka cire aikin daga ranka yau, ka mayar da shi bashi da za a bi. Wata 11 ya isa shaida. Ko sisi kada a ƙara masa, don irinsu sai sun dawo da kuɗin sa hannu ko kuɗin shigar da suna a tsarin albashi. Cinikin guraben aiki ya yi yawan da a 2023 sai da majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike a kai, kuma an sha kama mutane da takardun ɗaukar aiki na bogi bayan sun daɗe suna zuwa ofis, ka ga ko takardar ta fito ba kwanciyar hankali ba ce, balle a zo ga haƙƙin wanda aka ture aka sa ka. Ka tattara alat ɗin banki da saƙonnin waya da sunan duk wanda aka yi a gabansa, ku samu baffanka ko kawunka mai baki da wanda ya haɗa ku da shi, a zauna gaban mai unguwa a rubuta yadda zai riƙa biya ko da kaɗan kaɗan ne, kowa ya sa hannu. In ya ƙi, ku fara ganin lauya kafin ku je wajen hukuma, saboda ba da kuɗi don a samu aiki shi ma doka ba ta yarda da shi ba, gara a san yadda za a shigar da maganar. Duk abin da ya dawo kuma na Baba ne, ba naka ba.

Ƙanwarka tana da gaskiya, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi a duk labarin. Ta ga an sayar da fili saboda kai, ita kuɗin rajista ya gagara. A garuruwanmu in aka ce wa yarinya bari sai baɗi sau da yawa baɗin aure ne, karatun ya tafi kenan, gurbin ma ba jira yake ba ƙila sai ta sake zama JAMB. Ka same ta ku biyu ka ce mata na san a kaina aka tsayar da ke kuma abin yana damuna, kada ka kare kanka kada ka yi dogon bayani. Sannan ka nuna a aikace, kai ka san hanyar makaranta, ka je ka bincika ko ba a rufe rajistar bana ba, in da sauran lokaci to kuɗinka na wata biyu ko uku a juya mata shi, dangi su cika. In ta shiga ta samu lambar ɗaliba akwai rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a cikinsa, suna biyan makaranta kai tsaye har da ɗan kuɗin kashewa, kuma sai an gama bautar ƙasa da shekara 2 ake fara biya, kai za ka zauna ka cike mata. In kuwa bana ta wuce, to kai ne malaminta na kemistiri da fiziks daga yau har ranar jarrabawa.

Aure kuma, ni ban goyi bayan a ɗora shi a kan ariyas ba. Lefe rana ɗaya ne, cefane kullum ne, in aka kawo yarinyar nan ɗakin waje alhali ba ka da abin sayen omo to an ƙara wa Baba baki ɗaya, bayan shekara ya zama biyu, ita kuma za ta zauna tana kallon mijinta yana jiran surukinta ya fito ya miƙo, wannan yana kashe darajar namiji a idon mace komai son da take masa. Ban ce sai ka zama mai kuɗi ba, da yawanmu a ɗaki ɗaya muka fara. Ka je ka gaya mata gaskiyar halin da kake ciki, a tura babba wajen iyayenta ya roƙi lokaci mai iyaka, wata 8 ko shekara, in sun yarda Alhamdulillah, in ba su yarda ba kada ka riƙe 'yar mutane da alkawarin da ba shi da rana.

To me za ka yi ranar Litinin? Ka koma makarantar nan, in sun ɗauki wani ka zaga wasu, ka fi ba da ƙarfi a kan wadda za ka iya zuwa da ƙafa ko da keke don kada Napep ya cinye albashin. Malamin kimiyya ba ya rasa waje a Zariya. Na san dubu 35 ba ta kai ko mafi ƙarancin albashi ba kuma ban ce adalci ba ne, amma ka lissafa ta haka, ka daina karɓar 40 ka fara shigo da 35, gidanku ya samu sauƙin dubu 75 kenan a wata. Kuma aji ƙofa ce, daga nan iyaye ke gane malami su ce ya zo ya yi wa yara lesin da yamma, in ka samu yara 5 masu shirin WAEC da JAMB a zauren gidanku abin da za su biya zai iya kamo albashin. Ni kaina bayan na gama na yi sama da shekara ina buga wa ɗalibai furojet a shagon wani abokina a Samaru, kuma wanda ya fara yi min hanyar aikin kirki a kan wannan teburin ya same ni, da ina ɗaki ba zai san ina duniya ba. In ka ga koyarwar ta karɓe ka sai ka yi difloma ta koyarwa ta masu digiri wato PGDE, ka yi rajista da hukumar rajistar malamai TRCN da kuɗinka, ranar da jiha ko tarayya za ta ɗauki malamai kana da takarda kana da gogewa. Neman babban aikin kuma ba a daina ba, ka ware masa yamma biyu a sati, amma kada ya zama shi ne sana'ar.

In koyarwa ba ta kwanta maka ba akwai wasu hanyoyin, sai dai kowacce tana son ka sauke kai ka zama yaron wani na ɗan lokaci. Masu haɗa sola suna neman yara masu kai, ga gyaran waya da kwamfuta a unguwar PZ, ga abin da ya shafi karatunka kai tsaye irin sabulun ruwa da man shafawa da fenti, wanda kai ka san dalilin da ya sa ake zuba kaza kafin kaza, ba haddar bidiyo ka yi ba. Noma ma muna zaune a kan arziki ba mu sani ba, cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ita ke fitar da irin masara da dawa da wake da manoman Arewa ke nema, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika ita ta samar da kazar ƙwai ta Shika Brown, mutane daga nesa suke zuwa tambaya mu muna wucewa ta ƙofar a mota. In akwai gonar dangi a inda ke da tsaro, ko wani da ke noman rani a bakin kogin Galma da zai ɗauke ka ku yi tare, ka gwada kaka ɗaya. Abu biyu ne zan ce ka guje musu. Kada ka fake da digiri na biyu a kan kuɗin Baba don kawai a ce kana wani abu, ka bari sai kana iya biya ko an biya maka. Kuma duk harkar da aka ce zuba dubu 50 ka kwashi 100 a wata, ko caca ta ƙwallo, ko kwana ana danna waya ana jiran ta fashe, ka tuna yadda harkar zuba kuɗi ta MMM a 2016 da ta CBEX a 2025 suka rushe da kuɗin mutane, wanda ke cikin matsi irin naka su suka fi kamawa.

Saura yadda za ka tunkari Baba, kuma nan ne nake so ka yi a hankali. Kada ka je masa da lissafin miliyan biyu, zai ji kamar kana cewa ya yi wauta. Ka fara da Mama, ita ta san lokacin da ransa ke sake. Sannan bayan isha'i ka zauna ƙasa kusa da shi ka ce Baba na zo neman izini da albarka ne, ina so ku bar ni in fara koyarwa kafin Allah ya kawo babban, zaman nan yana cutar da ni kuma duk inda na je nema ana tambayar me nake yi. Ka ga ka ba shi dalilin da zai iya faɗa wa abokansa ba tare da ya ji kunya ba. In ya ƙi, kada ka yi musu, ka samu wanda yake jin nauyinsa, limaminku ko wani amininsa, da wuya ya ƙi su. In kuma ya dage sai ya ci gaba da taimaka maka, to ka roƙe shi a canza wa taimakon fuska, maimakon kullum ɗari biyar a haɗa na wata 3 ko 4 a ba ka dunƙule a matsayin rance, a rubuta, Mama da yayarku su shaida, ka riƙa mayarwa duk wata. Rubutun yana da amfani ko don ƙannenka, addini ya hana fifita wani ɗa a kyauta, kuma irin wannan ne ke tashi ranar rabon gado ya raba zumunci.

Daga albashin farko ka ɗauki abu ɗaya a gidan ka ce wannan nawa ne har abada, kuɗin wuta ko na 'yan ga-ruwa ko kuɗin motar ƙannenka zuwa makaranta, ko yaya ƙanƙantarsa, guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni. Data kuma daga wannan watan kai za ka sa wa kanka, in babu a zauna babu. Ka koma majalisa, rabin waɗanda kake jin kunyarsu halinku ɗaya, ɗayan rabin kuma a bakinsu ake jin inda ake neman mutum. In ka ga baƙin cikin nan ya kai ba ka iya barci ko cin abinci, ko wani mugun tunani yana zo maka, dan Allah kada ka riƙe shi kai kaɗai, ka gaya wa wanda ka yarda da shi ka kuma ga likita.

Tarin Baba kuma kada a tsaya ana saurarensa ta bango, tarin da ya wuce sati biyu ana zuwa a duba shi, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Gobe da safe ka ce masa za ka raka shi, kai za ka bi layin kati ya samu waje ya zauna. Ka rubuto min bayan wata 3 in ji yadda kuka yi da makarantar da kuma maganar ƙanwarka. Ka gaishe min da su Baba da Mama, Allah ya ba shi lafiya, kai kuma Allah ya buɗa maka.